Sunan da Na Sa wa Karyata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ɗana, ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake bango ɗaya ne ya raba ɗakinka da nawa. Allah ya kai ka Wadi Shati lafiya, ya tsare ka a kowace bawaba da za a tsayar da motarku a tambayi takardu, ya haɗa ka da ubangida mai tsoronsa. Na sa takardar nan cikin buhun kayan karyar, ƙarƙashin kwanonta, don na san shi za ka fara kwancewa in kun sauka. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kwana uku ina fama da shi tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

Ranar Asabar za ka tafi gadin gonar dabino wajen Birak, can Wadi Shati. Ka ce gonar ta yi nisa da mutane, kana son ka tafi da karyar. Ba ni ka gaya wa ba, Mamman mai gadin gonar maƙwabta ka aiko. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam Idi, yaron naka yana son karyar, amma ya ce in ka ƙi ba komai." Na ce, "To shi bakinsa ciwo yake yi?" Mamman ya ce, "Kai ma naka ciwon yake, ai gado ya yi." Na so in ji haushi, sai na ga gaskiya ya faɗa. Na ba ka ita, kuma ban ba ka don ta ishe ni ba.

Wata takwas ke nan maganarka da ni ba ta wuce ina kwana da sannu da aiki ba. Wata takwas kuma ba ka kira karyar nan da sunanta ba, sai dai ka yi mata fito. Na san dalili, kai ma ka san na sani. Tsorona ɗaya ne, kada ka hau motar nan da abin a ranka, Sabha ta zama garin da ka taɓa zama kawai, ni kuma tsohon da ka taɓa zama da shi. Zan zo kan maganar sunan. Bar ni in fara da masu sauƙi, in hannuna ya saba sai in taɓa mai wuyar.

Ka fara da ruwa. Shekarar farko da muka same ta, na ɗaure ta jikin ƙarfen da ke gefen ɗakin injin ban ruwa. Da safe wurin akwai inuwa, ni kuwa da safe nake wucewa, sai na ɗauka haka yake yini. Wata rana na dawo da azahar na tarar ta tsinke igiya, ta huda siraran tiyon nan da ke ɗiga ruwa a gindin dabino, har wuri uku. Na yanko guntun tiyo na zane ta son raina. Washegari ta sake. Na sake. A rana ta uku Mamman ya shigo aron shebur, ya tsuguna ya tsoma yatsa a kwanonta, ya ce, "Malam Idi, zo sa hannunka nan." Na sa. Wallahi da an jefa ganyen shayi a ruwan nan da ya nuna. Ashe ba ɓarna take yi ba, ƙishirwa ce, tana jin motsin ruwa mai sanyi cikin tiyo tana neman sha. Kwana biyu ina dukan dabba don ta nemi ruwa. Don haka in kun sauka, kafin ka shimfiɗa tabarmarka, ka nemo mata wurin da inuwa ba ta barinsa da tsakar rana, ka je da kanka da azahar ka duba. Ruwa a canza safe da yamma, kwanon a ajiye a inuwa. In za ku yi yawo cikin zafi, ka dafa ƙasa da tafin hannunka tukuna, in kai ba ka iya jurewa ba, ita ma ƙafarta ba takalmi. A motar ma kada ka bar ta ta kwanta kan ƙarfe tsirara, ka shimfiɗa mata buhu, ka riƙe bido ɗaya, wato jarka, na ruwa dominta.

Sai kaska. Kai, kaskar yankin nan na Fezzan ba ta da kunya! Akwai lokacin da ta cika mata kunnuwa, gashin wuyanta ya fara zuba. Wani direban kamiyo da ke kawo wa Alhaji mai gona taki ya ce in shafa mata baƙin mai, wai haka suke yi a garinsu. Ni da ban tambayi kowa ba na ɗebo na injin na mulka mata daga wuya har gindin wutsiya. Ta lashe. Kwana uku tana amai, ba ta iya ɗaga kai, fatar ta yi ja ta saɓule. Ka tuna kai ne ka ɗauke ta a kafaɗa har bakin titi, muka kai ta wurin likitan dabbobin nan na unguwar Manshiya. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ni ko ni ma da baƙin mai nake wanka. Kada ka saurari maganin bakin hanya, ko man gazuwal na mota, ko feshin gona, ko na wankan tumaki da ba a auna ba. Kowace yamma ka zaunar da ita ka bi cikin kunnuwa, hammata, da tsakanin yatsu. In ka ga kaska ka kama ta kusa da fata ka ja a hankali har kan ya fito, ka jefa a wuta. Taje na cikin buhu, ka riƙa taje ta sau biyu a mako, tana so, har lumshe ido take yi. Wanka ba kullum ba, sau ɗaya a wata ya isa, da sabulu marar ƙamshi, da hantsi don ta bushe kafin yamma. Katin allurarta na haukan kare yana cikin leda, shekara na zagayowa ka nemi likita a Birak a sake mata, ka karɓo maganin tsutsar ciki a lokaci guda.

Abinci kuma, na daɗe ina juye mata duk abin da ya rage a tukunya. Makaroni da barkono da albasa, ƙashin kaza, komai. Ran da ƙashin kaza ya maƙale mata a maƙogwaro, sai da na sa hannuna har wuyan hannu a bakinta na zaro shi, tabon yana nan a babban yatsana. Ka ɗebe nata kafin ka zuba yaji da albasa. Hubza busasshiya, burodin nan nasu, da aka jiƙa da romo, ɗan kifin gwangwani, ƙwai in ka samu, ƙashi babba na rago wanda ba zai farfashe ba. Sau biyu a rana, lokaci ɗaya kullum. Kuma tunda gonar dabino za ka, ka kiyaye ta lokacin yanka. Kwaɗayin dabino gare ta kamar tsohuwa, tana haɗiye shi da ƙwallo, cikinta ya ɗaure ko ya ɓare. In ana yanka ka tsare ta wajen ɗaki, in an tsince na ƙasa ka sake ta.

Akwai kuskuren da ba na son tunawa. Shekara guda cur ban taɓa jikinta da hannu ba. Da sanda nake ture ta, da ƙafa nake tura mata kwano, don ina gudun ta ɓata mini alwala da tufa. Ta zama mai tsoro, in mutum ya ɗaga hannu ko don ya sosa kai ne sai ta maƙale wutsiya. Sai da na tambayi malamin da muke salla bayansa a unguwar Mahdiya, ya nuna mini cewa karen gadi ba laifi ba ne, tsabta ce kawai zan kiyaye. Daga nan na ware mata kwanonta, na ware rigar aiki da rigar salla, na ajiye buta da sabulu bakin ƙofa. Ba ta shiga ɗaki, ba ta hawa tabarmar salla, ta san wannan sarai. Amma ka shafa kanta, ɗana, ka sosa mata bayan kunne, sannan ka wanke hannu. Karen da ba a taɓawa ba ya yarda da kowa, kuma wanda bai yarda da kai ba ba zai tsare ka ba.

Kalma huɗu ta sani, zo, zauna, tafi, bari. Duk da Hausa. Alhaji ya sha tsayawa yana yi mata Larabci, ta dube shi ta kawar da kai, ya ce mini, "Ya Idris, karyarka ba ta da ladabi." Na ce, "Tana da shi, Alhaji, sai dai ba ta yi makarantar nan ba." Kada ka tara mata surutu. Kalma ɗaya, murya ɗaya, in ta yi daidai ka ba ta gutsuren hubza nan take, ba bayan ka gama shayi ba. In ta yi laifi ka tsawata a lokacin da take yinsa, in ya wuce ya wuce, ba ta san abin da kake tuhumarta da shi ba. Ni na taɓa kiranta da daɗin baki, da ta zo na kama ta na doke ta saboda ta kori tumakin Alhaji. Wata guda in na kira sai ta tsaya nesa tana kallona. Kada ka taɓa kiranta don ka hukunta ta. A cikin huɗun nan ka fi riƙe bari. Mutane suna jefa nama mai guba don karnukan da ke yawo ba mai su, na ga gawarsu a bakin hanyar unguwar Hajara ba sau ɗaya ba. Kowane mako ka ajiye nama a ƙasa, ka ce bari, in ta bari ka ba ta wani daga hannunka. Kada ka yarda baƙo ya ciyar da ita.

Za ka ga amfaninta tun makon farko. In injin ya tsaya tana riga ka ji, za ta zo ta tsaya gabanka tana haushi gajere. Maciji ko kunama in sun shigo wajen ɗaki, haushin daban ne, za ka gane shi. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni kana cikin gari wajen gyaran famfo, ita ta je bakin shingen Mamman ta dame shi har ya biyo ta. Amma ba wannan ne babban ba. Gadi aikin shiru ne. Za ka yi kwana huɗu, biyar, ba ka ga wanda za ka ce wa sannu da harshenka ba. Ranar da ba ka son tashi, dole ka tashi don akwai mai jiran kwano. Ranar da maganar gida ta cika maka ciki, za ka zauna gindin dabino ka gaya mata, ta ɗora haɓa kan ƙafafunta tana saurare. Kada ka ji kunyar wannan, ni na yi shekara shida ina yi. Sirrin da karyar nan ta sani nawa, ko limamin Mahdiya bai sani ba.

To, ga maganar sunan.

A wajenmu can Tanut, in mutum yana da magana a ciki wadda ba zai iya faɗa wa ɗan'uwa ko maƙwabci ido da ido ba, sai ya sa wa karensa ita suna. Kakanka yana da wani jan kare mai suna Baruwanka, saboda ƙanensa mai shisshigi. Kullum da safe zai tsaya ƙofar gida ya ƙwala, "Baruwanka!" ƙanen yana ji daga zaurensa, ba damar ya ce da shi ake. Muna yara dariya muke yi, ban taɓa tunanin yadda ƙanen yake ji ba.

Kana da shekara goma sha biyar innarka ta ce ta gaji. Muna ɗakin haya a Mahdiya lokacin, ƙarar bindiga ta hana ƙannenka mata zuwa ko'ina, tsohuwarta kuma tana kwance a Tanut ba mai juya ta. Ta ce mu koma gida gaba ɗaya. Na ce in koma in yi me, in ci ƙasa? Ta ce to ita za ta tafi da 'yan matan. Na ce, "Tafi mana. Wata uku za ki dawo da ƙafarki." Ta ci gaba da ɗaure kaya. Ta bar mini kai don ka fara koyon aikin famfo, muka dawo ɗakin gonar nan. Bayan tafiyarsu da kwana goma Mamman ya kawo 'yar kwikwiya cikin kwali, ya ce, "Me za ka sa mata?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Zatagani." Mamman ya yi dariya har da dukan cinya. Kai kuwa sunan ya yi maka daɗi a baki, ka yini kana kiranta, ba ka san da wa ake ba, ni kuma na bar ka.

Ka duba abin da na yi. Kai ɗan fari ne, ba na faɗin sunanka, kunya ta hana ni, sai in ce kai, ko yaro. Sunan innarka fushi ya hana ni. Sai ya zama shekara shida suna ɗaya tak ake kira da ƙarfi a gonar nan, safe da rana da yamma, kuma habaici ne ga matar da ta haife ka. Har na sa kai ma kana yi mata da bakinka.

Ranar Juma'ar nan ba za ta fita raina ba. Mun dawo masallaci, kana zaune gindin dabinon bakin rijiya, ka buɗe muryar salula kuna hira da innarka. Karyar ta bi tumaki, na ɗaga murya na ce, "Zatagani! Zatagani, zo nan!" Sai na ji innarka ta ce, "Wace ce za ta gani?" Ka ce, "Karyarmu ce, Inna." Ta ce, "Yaushe aka samo ta?" Ka ce, "Bayan tafiyarku da kwana goma." Tun kafin ka rufe baki na ga fuskarka ta canza. Innarka ta ce, "To, Allah ya raya ta. Bari in duba tukunya." Ka kashe salula, ka dube ni sau ɗaya, ka tashi ka shiga cikin dabino. Da zagina ka yi ranar da ya fi mini sauƙi.

Ya kamata in bi ka in ce na yi kuskure. Ban bi ba. Na ce a raina ai uba ba ya ba ɗa haƙuri, zai huce. Ka ga inda zai hucen ya kai mu. Yanzu ina faɗa a takarda tunda bakina ya gaza: na zalunci innarka, na zalunce ka, na zalunci dabbar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Innarka ta yi jinyar tsohuwarta har ta rufe mata ido, ta aurar da ƙanwarka ɗaya, tana cikin danginta ana shiga ana fita. Ba ita ta gani ba, ɗana, ni na gani. In ka ga ya dace ka gaya mata haka, da bakina na faɗa. In ka ga zai tayar mata da tsohon ciwo, ka bari.

Kai kuma ka kiyaye. Can inda za ka, wani zai ɓata maka rai, ubangida ne ko abokin aiki, ko matar da za ka aura wata rana. Ka je ka faɗa masa a gabansa, ku yi ta ta ƙare. Kada ka ɗora fushinka kan abin da za ka riƙa kira kullum. Fushina da innarka bai kai shekara ba ya mutu, amma sunan ya ƙi mutuwa, ni ne nake ta da shi kowace safiya da kwano a hannu.

Ka canza mata suna. Fito ba zai ishe ka ba, ranar da iska ta taso ko ta yi nisa cikin dabino sai da kira. Mamman ya ce babbar karya ba ta karɓar sabon suna, amma na tambayi likitan Manshiya ya ce ƙarya ne, za ta karɓa. Ka zaɓi gajere, wanda bai yi kama da tsohon ba ko kaɗan. Lokacin cin abinci ka faɗe shi sau ɗaya, in ta ɗago ta dube ka sai ka ajiye kwanon. Da rana ka faɗa, in ta waiwayo ka ba ta gutsure. Kada ka haɗa sabon sunan da tsawa, ko sau ɗaya, har sai ya zauna. Mako biyu ko uku likitan ya ce. Ni ma na gwada, in gaya maka gaskiya. Bayan Juma'ar nan na yi mako guda ina kai ta ƙarshen gona ina raɗa mata wani suna a ɓoye, har ta fara juyowa. Sai na ji kunyar ka ji ni, ka gane na amsa laifi, na daina. Ka ga irin uban da Allah ya ba ka.

Daga Asabar ba ni da wanda zan kira a gonar nan. Alhaji yana zuwa sau ɗaya a mako, Mamman yana da nasa aikin. Ban faɗa don ka fasa tafiya ba, kuma kada ka bar mini ita don tausayi, kai ka fi ni bukatarta, ni na saba. Mamman ya ce zai nemo mini wani ɗan kwikwiyo, na ce ya dakata tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. In sunan ya zauna, kada ka gaya mini shi ta salula. Ko na tambaya kada ka faɗa. In an gama yankan dabino ubangidanka ya ba ka kwana biyu, ka ɗauko ta ku zo, ka tsaya tsakiyar gonar nan ka kira ta da ƙarfi in ji da kunnena. Sannan ni ma in gwada, in harshena ya zame ya koma tsohon, ka gyara mini, ba zan yi fushi ba. In ba ka zo ba, wancan sunan kaɗai zan sani har in koma ga Allah, kuma ba na son in tafi da shi a bakina.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙwaro, ya ba ka lafiya kai da abin da ke hannunka. Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya dawo mini da ku biyu lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Idi mai gadi, gonar bayan Hajara, Sabha.